Gaba Arba'in

Ni mahaƙin rijiya ne, ɗan Garkawa a nan Tawa,
na san duhu tun gemu bai tsiro mini ba.
Kakana Nomau kuwa ko leƙa rijiya bai yi.
In ya ji guga ta faɗa sai ya juya baya,
ya ce ruwan da ya gani ya ishe shi har lahira.

Su tara Anasara ya kwasa daga Kalfu,
ƙafa, mota, jirgin ƙasa, har Dakar,
aka ɗura su a jirgin ruwa kamar buhunan hatsi.
Dare na huɗu, ana cikin barci,
wani abu ya tunkuyo su daga ƙasa.
"Ba mu ga mai harbi ba," in ji shi,
"yaya za ka zagi wanda ba ka ga fuskarsa ba?"
Kwana biyu yana rungume da wani ƙyaure,
gishiri yana cin leɓensa.
Shi da Agali kaɗai suka komo.
Ya zo da lambar tagulla da kunne guda kurma,
ya zauna cikin mazan jiya, bai cika magana ba.

Bara, ɗan ƙanwata Hashimu,
mai dako a tashar jirage can Jamus,
ya aiko murya ta waya: "Kawu, na gano shi.
Jirgi ne mai nitso, ga takardarsa a gidan tarihi."
Ya yi ta karantawa, ina tsugune bakin rami,
igiya a wuyana.
An ƙera shi cikin wata goma.
Fita bakwai ya yi.
Jirage sha ɗaya ya aika ƙasa,
kowane da sunansa, da nauyinsa, da ƙarfe nawa na dare.
Na shida shi ne na su Nomau.
Na ce, "Karanto mini mutanen."
Ya yi shiru. Ya ce, "Babu, Kawu."
Sun auna ƙarfen har awo na ƙarshe,
ƴan Kalfu bakwai ba su kai a sa su ma'auni ba.

"Fita ta takwas fa?"
"Jirgin sama ya hango shi yana shan iska da safe.
Ya nitse, aka bi shi da bam.
Bai sake tasowa ba.
Mutum arba'in da tara. Su kam duk ga sunayensu.
Ƙaraminsu sha takwas, ɗan mai gasa burodi."
Sha takwas. Tsarar Illa, mai riƙe mini igiya.

Washegari na sauka gaba arba'in.
Sama ta koma kamar dala a tafin hannu.
Fitila na lumshewa, numfashi ya yi tsada,
bango na zufa a kafaɗuna biyu.
Na so in tsine musu, don haka na sauko da shiri.
Sai na ji kaina ina tambaya:
a can ƙasa, da wutar ta ɗauke,
wa ya fara kiran uwarsa?
Sun bubbuga ƙarfe? Da me?
Ni in ƙirji ya matse, sau uku nake girgiza igiya,
Illa ya kira jama'a, a ja.
Su ba kowa a bakin tasu.

Ban yafe ba. Ba ni aka yi wa ba,
bakwai ɗin ne masu wannan magana,
kuma suna ƙasa ɗaya da masu laifinsu,
kifi bai tambayi kowa takarda ba.

Da la'asar diga ta taɓa danshi.
Ruwan fari, jajir da laka,
na cika buta, na wuce maƙabarta.
Na tsaya kan Nomau na faɗa masa adadin,
a kunnen da ke ji.
Sannan na yayyafa kaɗan, kaɗan ƙwarai,
don na san halinsa da ruwa.